Kafin ku yi wa karen French Bulldog inshora a Birtaniya

A Birtaniya mutum yana ganin likita kyauta a ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS, amma dabba ba ta da wannan gatan. Duk abin da likitan dabbobi ya yi, daga aljihunku zai fito. Shi kuwa French Bulldog, wanda farin jininsa ya kai har ya ture Labrador daga matsayi na ɗaya a Amurka a 2022, kare ne mai yawan laulayi.

1. Ku san ciwonsa tukuna. Hancinsa a lotse yake, ƙofofin hancin ƙanana, shi ya sa za ku ji yana munshari ido biyu, yana haki daga ɗan gajeren yawo, musamman da zafi. Ga ƙaiƙayin fata a cikin ninkin fuska, ga ciwon ƙashin baya. Tiyatar buɗe hanyar numfashi kaɗai tana iya cin dubban fam. Kamfanonin inshora sun san haka, don haka kuɗin inshorarsa na wata ya fi na yawancin karnuka.

2. Ku yi masa tun yana kwikwiyo. Ciwon da likita ya riga ya rubuta a fayil kafin ku shiga, yawancin kamfanoni ba sa biya. Galibi ma sai an yi kwana 14 kafin inshorar ta fara ɗaukar rashin lafiya.

3. Ku zaɓi inshorar tsawon rai, wadda kason kuɗin magani ke sabuntuwa duk shekara. Mai arha takan biya ciwo na wata 12 ne kawai, daga nan ta zare hannu. Ciwon fatar wannan kare kuwa ba ya duba kalanda. A ganina, a nan ne arha ba ta ado.

4. Ku tambayi nawa za ku fara biya da kanku a kowane ciwo. Idan karen ya manyanta, kamfanoni da yawa sukan ƙara ɗora muku wani kaso na kuɗin magani, sau da yawa 20 cikin 100.

5. Allurar rigakafi, maganin tsutsa da fiɗiya ba sa ciki. Haihuwa ma haka, alhali yawancin matan wannan jinsi sai da tiyata suke haihuwa.

6. Kada ku yi ta sauya kamfani don ragin fam biyar. Sabon kamfani zai ɗauki duk abin da ke fayil a matsayin tsohon ciwo.

7. Idan kuɗin ya fi ƙarfinku, ku riƙa tara wani abu duk wata a asusu daban. Masu karɓar wasu nau'o'in tallafin gwamnati kuma su tuntuɓi ƙungiyar PDSA, tana duba dabbobi kyauta ko da rangwame.