FILIN MANOMA: Itacen Gona Da Zarton Inji

Da zarar an kwashe amfanin gona, masu zarton inji sukan shiga ƙauyuka suna taya itatuwa. Manomi da yawa yakan sayar da maɗacin da kakansa ya bari a kan kuɗin da bai kai na tunkiya ba, don bai san abin da ke cikin gungumen ba, bai kuwa san inda za a kai shi ba. A makon nan za a yi bayanin yadda itace ke zama katako, da abin da ya kamata manomi ya sani kafin ya ce ya sallama.

Ƙasar Kano ba ƙasar kurmi ba ce. Yawancin katakon da ake rufin kwano da shi daga kudu ake kawo shi, daga dazuzzukan Ondo da Edo da Kuros Riba. Jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, shi ya sauƙaƙa kawo shi da fari. Yanzu kuwa manyan motoci ke sauke shi a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa da sauransu. Bompai ita ce unguwar masana'antu ta farko a Kano. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya, bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. An fi sanin wuraren nan da jima da robobi da kayan abinci, amma ba masana'antar da ba ta bukatar katako, ko don rufi, ko akwatunan zuba kaya, ko dakalin da ake jera buhuna a kai. Ga kuma kafintoci birjik a kewayensu. Da kurmin kudu ya ja baya, kuɗin mota kuma ya hau, sai ido ya komo kan itatuwan arewa: maɗaci, da kawo, da doka, da maje, da darbejiya.

To, zarto iri-iri ne. Na dā shi ne dogon zarton hannu na mutum biyu, ɗaya a bisa gungume, ɗaya a cikin rami, suna ja. Wannan ya kusa ɓacewa. Akwai mai kama da faifai, wanda kafintoci ke tsaga falanki da shi. Akwai kuma na masana'anta, mai kama da ɗamara, siririn ƙarfe ne mai haƙora yana zagaya ƙafafu biyu. Sa'an nan ga zarto mai sarƙa, mai shan fetur, wanda mutum guda ke saɓawa a kafaɗa. Shi ne ke zuwa gona.

A nan ne ya kamata a natsu. Kowane zarto yana da nasa ci, watau faɗin hanyar da yake bi cikin itace, wadda take zama gari. Cin zarto mai ɗamara kamar kashi 1 cikin 8 na inci ne. Na mai sarƙa kuwa ya kai ninki uku na wannan. A ɗauki gungumen da aka fere shi ya zama mai kusurwa huɗu, kaurinsa inci 18. In aka kai shi masana'anta aka tsaga falankai masu kaurin inci 1, za a sami 16. In aka tsaga shi a gona da zarto mai sarƙa, 13 za a samu. Falanki uku ke nan sun zama gari a ƙasa, daga gungume guda. Ban da wannan, hannun mutum ba ya tafiya sak kamar inji, saboda haka falankin yakan fito da tudu da kwari, sai kafinta ya sāke goge shi ya rage masa kauri. Ai zarto mai sarƙa don kā da itace da daddatsa shi aka ƙera shi, ba don tsaga falanki ba. Mai zarto ya san da wannan hasara sarai, daga kuɗin manomi kuwa yake fanshe ta.

Don haka kada a yi ciniki da ido. A sami igiya a zagaya jikin itacen daidai ƙirjin mutum, a auna ta. A raba abin da aka samu gida huɗu, a rage kaɗan saboda ɓawo da sirancewar sama. Itacen da kewayensa ya kai inci 80 zai ba da kusan inci 18 ɗin nan. Sa'an nan a duba tsawon jikinsa kafin reshe na fari, gama ƙafa 12 ne tsawon falankin kasuwa. Wanda ya san yawan falankin da ke cikin itacensa, ya kuma tambayi kuɗin falanki a kasuwa mafi kusa, ba a yi masa tayin wulakanci. Rassa kuma dabam ne, itacen wuta ne, a yi cinikinsu dabam. Wani abin da ke karya darajar itacen gona shi ne ƙusa da waya da ake kafa masa don ɗaure shinge. Itace yakan haɗiye su, ran da zarto ya ci karo da su kuwa sai haƙora su zube.

Ba kowane itace ake sayarwa ba, ko nawa aka taya. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya ba gero taki da rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne, alhali katakonsa ba wani abin kirki ba ne. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya kowace shekara suna biyan mai su. Labarin madobiya ya isa misali. Wajen 2014 aka fara rububinta a Taraba da maƙwabtanta ana kai wa ƙasar Sin, cikin 'yan shekaru manyan suka yi wuyar gani. A 2016 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Kuɗin sun ƙare tuni, madobiya kuwa ba ta girma da sauri.

Mai son kuɗin katako gara ya dasa nasa. Darbejiya da turare sukan yi toho daga kututture bayan an sare su, magina a Kano kuma kullum suna neman sandunan turare. Sai dai turare mashayin ruwa ne ƙwarai, a iyakar gona ake sa shi, ba tsakiya ba.

In kuwa don amfanin gida aka yanka, kada a yi rufi da ɗanyen katako, zai kanannaɗe ya tuge ƙusa. A jera falankai a inuwa bisa duwatsu don gudun gara, a sa 'yan tsinkayen katako tsakaninsu iska ta ratsa, a shafa fenti a bakunansu don kada hunturu ya tsattsage su. Garin katakon a shimfiɗa wa kaji, in ya haɗu da kashinsu ya ruɓe a kai gona. In aka binne shi ɗanye sai shuka ta yi ɗorawa-ɗorawa, don yana janye abincinta kafin ya ruɓe.

Kafin zarto ya taɓa itace, lalle a nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji, mai unguwa kuma ya shaida cinikin, tun ba in gonar ta gādo ce ko ta aro ba.