Kayan Ɗaga Ƙarfe a Gida da Kuɗi Kaɗan

Gina jiki a gida ba ya buƙatar inji mai tsada. Abin fara saye shi ne ƙarafan hannu biyu masu faifan da ake ƙarawa, domin nauyi ya riƙa hawa sannu a hankali. Na gwanjo ma sun wadatar, muddin makullinsu na kamawa. Benci kuwa, mai walda zai haɗa shi da arha. Jarka mai lita 25 cike da ruwa ma abin ɗagawa ce, domin kusan kilo 25 ce. Abin ɗagawa na siminti da ake zubawa a gwangwani yakan rinjayi gefe ɗaya, don haka ake auna shi a sikeli. Robar ja ta motsa jiki kuwa tana tsagewa a zafin bazara, shi ya sa ake ajiye ta a inuwa.