Fasali A Kan Igiya Da Tawakkali



Ya ku 'yan'uwa muridai na ƙasar Gumel, ku sani akwai wata cuta da ke kama mai tasbaha, ba ta kama gafili. Ita ce mutum ya naɗe hannu ga sha'anin rayuwarsa, ya ce tawakkali ya ke yi. Ba labari na ji ba, ni ta kama.

A shekara ta 1984 ruwa ya ɗauke, gerona ya ƙone a gonarmu, yamma da Maigatari. Na ce Allah Ya hukunta, gaskiya kuwa na faɗa. Amma sai na mai da wannan magana tabarma, na kwanta a kanta. Na lazimci ƙofar zawiya, ina jiran sadaka, iyalina suna kwana da yunwa, ni kuwa ina zaton na hau wani muƙami.

Rannan bayan wazifa muƙaddaminmu, Allah Ya jiƙansa, ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, lazimin da ka ke ja safe da yamma, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, wa ya ke ja maka?" Na ce, "Malam, ni ke ja." Ya ce, "Don me ba ka aje tasbaha ka ce in Allah Ya so za ta ja kanta ba?" Na yi shiru. Ya ce, "Tafi ka yanko kaba."

Na yanko kabar goruba, na jiƙa, na tufka igiya har tafin hannuna ya yi kanta. Ran Alhamis na kai kasuwar Maigatari, inda Buzaye da Fulani ke gangarowa daga ƙasar Damagaram da raƙuma da shanu da tumaki. A kara kuwa babu mai sayen dabba ya tafi da ita ba igiya. Kafin la'asar na sayar, na auno tiya biyu ta hatsi. Kashegari na zauna zikirin Juma'a da zuciya wadda ba ta leƙen hannun kowa. Wallahi ban taɓa jin daɗin hailala kamar na wannan yammacin ba.

Ya kai muridi, kada ka raina igiya. Ana ruwaitowa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Sakkwato a 1817, ya kan tufka igiya domin ya ci daga aikin hannunsa, alhali jama'a na bayansa. Imamu Tirmizi kuma ya kawo labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah. Aka umurce shi da haɗa biyun, ɗauri da dogaro.

In ka ce, ai akwai waliyyai da suka bar sababi, na ce haka ne. Malaman tasawwufi sun rarrabe ma'abuta sababi da ma'abuta tajridi, Shehu Ibnu Aɗa'illahi mai Hikam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya yi bayaninsa. Amma mai tajridi ba shi ke zaɓa wa kansa ba, kuma alamarsa ba ya roƙo, ba ya ƙorafi. Kai da ke da mata da 'ya'ya, kana ƙirga wanda ya ba ka da wanda ya hana ka, a cikin sababi aka tsai da kai. Tawakkali aikin zuciya ne, nema aikin gaɓoɓi, ɗaya ba ya korar ɗaya.

To, ka dubi abin da ke hannunka bana. In gona ce, ka kai taki tun rani, ka tanadi iri, in gero ya ƙi ga wake, ga riɗi, ga zoɓo, ƙasarmu mai yashi tana karɓarsu. In ba ka iya karatu ba, ka durƙusa gaban malami ko da furfura. In ɗanka ya yi tari, ka yi masa addu'a, sa'an nan ka ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, kada ka jira wata Alhamis.

Ni dai har yau akwai ƙullin kaba a zaurena, ko da ya ke idona ya yi rauni, jikokina ke tufkawa ina gyara musu.