Yadda Ake Kare Injin Tsohuwar Bas daga Zafi

Kan inji, wanda makanikai ke kira top, shi ne murfin silinda inda mai ke ƙonewa, don haka a nan zafi ya fi taruwa. A tsofaffin bas irin su Toyota Hiace da ke jigila tsakanin Ɗambatta da Kano da Kazaure, ruwan lagireto ne ke sanyaya shi. Ruwan lafiyayyen inji yakan tsaya tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya haura 110, top ɗin yana iya lanƙwashewa, musamman na alminiyum, gaskit kuma ya ƙone.

Da safe ake farawa, kafin a tayar da mota. A Hiace inji yana ƙarƙashin kujerar gaba, sai an ɗaga ta. Ana duba ruwa da baƙin mai, a danna fambel da yatsa a ji ko ya saki, a bi tiyo a ga ko yana yoyo. Ƙura da ƙaiƙayin hanyoyin ƙauye suna toshe fuskar lagireto, sai an riƙa wanke ta. Ruwan rijiya yana barin tsatsa da dattin da ke toshe cikinsa, shi ya sa ake haɗa ruwa mai tsafta da kulan. Murfin lagireto mai kyau yana riƙe matsi, ya hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120.

A kan hanya idon direba na kan allurar zafi, musamman da bazara, lokacin da zafin rana kan wuce digiri 40, ga lodin buhunan hatsi ranar kasuwa. Da allura ta doshi ja, sai a sauka gefen titi a kashe inji. Ba a buɗe murfin lagireto sai bayan kamar rabin awa, da tsumma, a hankali, don tururin yana sale fata. Ba a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, domin ƙarfen yana iya tsagewa.

Idan baƙin mai ya koma fari-fari kamar kunu, ko salansa na fitar da farin hayaƙi, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto, alama ce gaskit ya riga ya ƙone. Irin wannan mota janta ake yi zuwa gareji, a cire top, a auna shi, a goge fuskarsa kafin a sa sabon gaskit.