Bonsai: babban icce cikin ƙaramin kasko

Yara, ku tuna da magaryar da ke bakin hanyar rijiya, wadda awaki suke ci kullum. Shekara da shekaru tana nan, amma ba ta wuce gwiwar mutum ba. Gindinta ya yi kauri, rassanta gajeru ne, ganyenta ƙanana. Ƴar'uwarta da ke cikin shinge kuwa ta yi tsawo har ana hutawa a inuwarta. Irinsu ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne bakin akuya.

A wata ƙasa mai nisa, mutane sun mai da wannan abu sana'a. Da gangan suke hana icce girma, suna gyara shi har ya yi kama da tsohon iccen daji, alhali ana iya ɗaukarsa da hannu biyu. Sunan wannan icce bonsai.

1. Daga ina bonsai ya fito?

Kalmar ta harshen Japan ce. "Bon" shi ne faranti ko kasko, "sai" kuwa shuka. Ke nan bonsai yana nufin shukar cikin kasko.

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara wannan aiki. An sami zanen irin waɗannan ƙananan itatuwa a bangon kabarin wani ɗan sarkin Sin, zanen da aka yi a shekarar 706. Daga Sin abin ya haye teku zuwa Japan, inda aka ƙware da shi ƙwarai.

Bonsai yana daɗewa idan ya sami mai kula. Akwai wani a birnin Washinton na Amurka wanda aka fara reno a Japan tun 1625. Yana cikin garin Hiroshima sa'ad da aka jefa bam a 1945, amma bai mutu ba. A 1976 mai shi, Masaru Yamaki, ya ba da shi kyauta ga Amurka. A 2025 ya cika shekara 400 cikin kasko.

2. Me ke hana shi girma?

Bonsai ba wani iri ba ne na dabam. Idan ka ɗauki ƙwayar irinsa ka shuka a gona, babban icce za ka samu. Hannun mutum ne ke riƙe shi ƙarami.

Kun koya cewa saiwa ita ke jawo ruwa da gishirin ƙasa, ganye kuma shi ke haɗa abincin icce da taimakon hasken rana. Sama da ƙasa suna tafiya tare. In saiwa ta sami fili, rassa su miƙe. In aka takura ta cikin kasko, aka riƙa rage ta, rassa ma ba za su yi nisa ba.

Akwai abu na biyu. Idan aka tsinke kan reshe, idanun da ke ƙasa da wurin sai su farka su yi toho. Reshe ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Da rassa suka yi yawa, sai ganye ya ƙanƙance. Aikin da akuya ke yi wa magarya ke nan, ba da saninta ba.

Amma ku lura: fure da ɗiyan icce ba sa ƙanƙancewa kamar ganye. Lemon da bonsai ya haifa kusan girmansa ɗaya da na garka.

3. Wane icce za mu zaɓa?

Mu nemi mai ƙananan ganye, mai jure zafinmu.

Tsamiya ita ce ta fi dacewa. Ganyenta ƙanana ne tun asali, irinta kuma yana cikin kowane gida. A daji tana kai mita 20.
Rumman yana da ƙananan ganye da jan fure, kuma yana saurin haihuwa.
Lemon tsami yana da kyau da ƙanshi, sai dai yana son ruwa sosai.
Mangwaro bai dace ba. Ganyensa ya yi faɗi, ba zai yi kyau a ƙaramin icce ba.

Mu a ajinmu tsamiya za mu shuka.

4. Yadda ake yi

Shekara ta farko: shuka.
a) A zaɓi ƙwayoyin tsamiya 10 masu ƙwari, waɗanda ƙwaro bai huda ba. A wanke su.
b) Fatar irin tsamiya tana da tauri. A goga gefenta kaɗan a kan dutse, a jiƙa cikin ruwa kwana 1.
c) A samo gwangwanaye, a huda gindinsu da ƙusa don ruwa ya riƙa fita.
d) A haɗa kashi 2 na rairayi mai tsakuwa, kashi 1 na ƙasar garka, kashi 1 na taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.
e) A binne ƙwaya ɗaya cikin kowane gwangwani, zurfin santimita 2. A ba da ruwa kowace safiya.

Cikin mako 1 ko 2 tsiro zai fito. Wannan shekara ba a yanke masa kome. A bar shi ya yi ƙarfi, a tsare shi daga awaki da kaji.

Shekara ta biyu: rage saiwa.
Da farkon damina, a zare tsiron a hankali, a karkaɗe ƙasar. Za ku ga doguwar saiwa ɗaya ta nufi ƙasa, ga ƙanana kamar gashi a gefenta. A gajarta doguwar da almakashi mai kaifi, a bar ƙananan, don su ne masu shan ruwa. Kada a yanke fiye da kashi 1 cikin 3 na saiwoyi a rana ɗaya. A mai da shi cikin sabuwar ƙasa, a ajiye a inuwa mako 2.

Shekara ta uku: gyaran jiki.
Yanzu a duba iccen ta kowane gefe, a zaɓi rassan da za a bari. Wanda ya tsallake wani, ko ya juya ciki, a cire shi. Wanda ake so ya lanƙwashe, a naɗe shi da siririyar waya mai taushi, a karkata shi sannu sannu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A riƙa duba wayar, a kwance ta kafin ta shige cikin ɓawo.

Sa'ad da gindi ya yi kauri, sai a mai da iccen cikin kasko marar zurfi. A roƙi mai ginin tukwane ta huda gindin kaskon tun yana ɗanye. A rufe hujin da tsingaro kafin a zuba ƙasa. Daga nan, kowace shekara 2 a fid da shi a rage saiwa, a sake ƙasa.

5. Nauyin da ke kanmu

Tsamiyar daji tana tura saiwarta can ƙasa ta nemi danshi. Tamu mun yanke mata wannan hanya. Ruwanta duka yana hannunmu.

Ni kaina na yi wannan kuskure. Tsamiyata ta farko ta kai shekara 3. Wata bazara na yi tafiyar kwana 5, ban bar wa kowa amanarta ba. Da na komo, na tarar ganye ya zube, rassa sun bushe ƙayau. Na yi ta ba ta ruwa, ba ta farfaɗo ba.

Saboda haka, a watannin Afirilu da Mayu a ba da ruwa safe da marece, a kuma ja kaskon zuwa inuwa da tsakar rana. Amma kada a ajiye shi cikin ɗaki, icce yana son haske. Kafin kowane hutu, aji ya zaɓi wanda zai tafi da shi gida.

Yaushe zai haihu? Tsamiyar da aka shuka daga iri takan yi shekara 6 zuwa 8 kafin ta yi ɗiya, a fili ma ke nan. Cikin kasko tana iya wuce haka. Watakila ku bar makarantar nan ba ku ga furenta ba. Ƙannenku ne za su karɓa daga hannunku, kamar yadda iccen Hiroshima ya bi hannun kaka da uba da jika.

Mu riƙe

Bonsai icce ne kamar kowane icce. Rage saiwa da tsinke kan rassa ke riƙe shi ƙarami. Wanda ya sa icce cikin kasko ya ɗauki nauyin ruwansa kullum.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar kalmar bonsai?
2. Don me ake goga irin tsamiya kafin a jiƙa shi?
3. Me ke faruwa idan aka tsinke kan reshe?
4. Don me mangwaro bai dace ba?
5. Iccen Hiroshima shekara nawa gare shi sa'ad da aka kai shi Amurka?

Aiki

Ku kasu rukuni 5. Kowane rukuni ya shuka ƙwaya 2. Kowace Litinin ku auna tsawon tsiron da santimita, ku ƙirga ganyensa, ku rubuta cikin littafin aji.