Masu Madarar Anand da Ƙungiyoyinmu na Gida

Jama'a, kowa ya san irin ƙungiyar nan da ake kafawa ranar da aka ji ƙishin-ƙishin za a raba taki ko rance. Kafin la'asar an naɗa shugaba da ma'aji, an sassaƙo hatimi, an rubuta sunaye arba'in, rabinsu 'yan gida ɗaya. In taki ya zo a raba, kowa ya kama gabansa, sai baɗi kuma. In bai zo ba a watse ana cewa shugaba ya cinye. Irin wannan ƙungiya suna kawai gare ta, ba ta da ƙafafun da za ta tsaya a kai. Domin a gane mene ne waɗannan ƙafafu, da yadda ake yi wa ƙungiya su, za mu ba da labarin wasu talakawa masu sayar da madara a ƙasar Indiya, sannan mu dawo gida.

A jihar Gujarat akwai wata gunduma da a da ake kira Kaira, wadda a lokacin wani gari, Anand, yake cikinta. Manoman wurin ƙananan manoma ne, galibi mai ɓauna ɗaya ko biyu, irin ɓaunar gida da ake tatsa, kuma mata ke tatsar. A zamanin mulkin Turawan Ingila, kamfanin Polson ne aka ba ikon tara madarar gundumar yana aikawa birnin Bombai, tafiyar fiye da kilomita 400. Tsakanin kamfani da manomi kuma akwai 'yan kwangila da dillalai. Madara ba gero ba ce, ba a zuba ta a rumbu a jira ta yi tsada. Wadda aka tatsa da safe, in ba a sayar ba, da yamma ta lalace. Saboda haka duk abin da dillali ya taya, haka mai ɓauna za ta sallama. Duk wadda ta taɓa yini a bakin kasuwa da ƙwaryar nono har rana ta karkata ta san wannan hali.

Manoman suka kai kuka wurin Vallabhbhai Patel, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin Indiya. Ya ba su shawara su kafa ƙungiyar gama kai tasu, su riƙa kai madara Bombai da kansu, in an hana su kuwa su daina sayarwa. A farkon 1946 suka yi yajin kwana 15, ba su ba kowa ko ɗigo ba, har gwamnatin Bombai ta sauko. Ran 14 ga Disamba 1946 aka yi wa tarayyar ƙungiyoyin madara ta gundumar Kaira rajista. Ƙungiyoyin ƙauye biyu ne suka fara, da madarar da ba ta kai lita 250 a rana ba. Wannan tarayya ce asalin abin da duniya ta sani yau da sunan Amul, mallakar manoma fiye da miliyan uku.

To, yajin aiki kowa yana iya yi. Abin lura shi ne abin da suka riƙa yi kullum safe da yamma bayan an gama yajin. A kowane ƙauye akwai ɗakin karɓar madara. Mace ta kawo tata, ko lita ɗaya ce, a auna a gabanta, a ɗebi kaɗan a gwada yawan maiƙon da ke ciki, a rubuta a littafin ƙungiya, a rubuta a ɗan littafin da ke hannunta, a biya ta kuɗinta ba da jimawa ba gwargwadon awo da maiƙo. Mai ƙara ruwa, gwaji zai tona ta. Mai awo kuma ba shi da halin tauye mudu, don idon jama'a na kansa. A ƙarshen shekara a karanta lissafi a gaban taro, a raba rarar gwargwadon madarar da kowa ya kawo. Ni a ganina wannan ɗan littafi na hannun mace shi ne ginshiƙin dukan abin, ya fi masana'anta da motoci daraja. Mutum ba ya barin wurin da ya tabbata ba a cutarsa, ko da wani ya ɗan ƙara masa kwabo a waje.

Mutumin da ya shugabanci tarayyar tun farko, Tribhuvandas Patel, ya kafe a kan abu biyu. Ƙofa a buɗe take ga duk mai tatsa, kowane addini, kowane matsayi. Kuma kowa ƙuri'arsa ɗaya, ko ɓaunarsa ɗaya ko ashirin. Wanda ya san yadda Indiya ta raba mutane aji-aji, har wasu ba a yarda a taɓa su, zai gane girman abin: ga shi sun tsaya a layi ɗaya, ana juye madararsu cikin mazubi ɗaya. Ba wanda ya hau mumbari ya yi musu wa'azin daidaito. Layin awo ne ya dinga koya musu safe da yamma.

Amma Tribhuvandas ya san iyakarsa. Shi mutumin jama'a ne, bai san inji ba. A 1949 gwamnati ta turo wani saurayin injiniya, Verghese Kurien, aiki a Anand. Bai so zaman garin ba, jira yake wa'adinsa ya cika ya gudu. Tribhuvandas ya lallashe shi ya zauna ya yi wa manoma aiki, ya kuwa zauna har ƙarshen rayuwarsa. A nan aka raba aiki rabo mai kyau. Manoma su ne masu abu, su ke zaɓen shugabanni, su ke yanke manufa. Ƙwararre ma'aikaci ne da ake biya albashi, ya tafiyar da harka, ya kawo rahoto, in ya kasa a sallame shi. Kurien kansa yakan kira kansa ma'aikacin manoma. Mu kuwa sau da yawa shugaba shi ne ma'aji, shi ne magatakarda, shi ne mai zuwa banki, hatimi yana aljihunsa. Ko waliyyi ne, irin wannan kaya sai ya jawo masa zargi.

Yanzu ga maganar haɗa kai tsakanin ƙungiya da ƙungiya, wadda ita ce ta fi ƙaranci a wurinmu. Akwai abubuwan da ƙungiyar ƙauye ba za ta taɓa iyawa ita kaɗai ba. A Gujarat ɓauna ta fi ba da madara lokacin sanyi, har Bombai ta kasa shanyewa. Sai tarayyar gunduma ta gina masana'anta a 1955, da taimakon UNICEF da gwamnatin New Zealand, inda wani masani, H. M. Dalaya, ya gano hanyar mai da madarar ɓauna gari, abin da masana da yawa suka ce ba zai yiwu ba. Rarar lokacin sanyi ta daina zubewa. Tarayya ta ɗauki likitocin dabbobi masu zagaya ƙauyuka da mota, ta buɗe masana'antar abincin dabbobi a 1964. A 1973 tarayyoyin gundumomi suka haɗu suka kafa uwar ƙungiya ta jiha, don kada su riƙa karya wa juna farashi a kasuwa, su sayar da kaya da suna ɗaya. Hawa uku ke nan: ƙauye yana tarawa, gunduma tana sarrafawa, jiha tana sayarwa. Kowane hawa na ƙasa shi ke zaɓen na sama, ba na sama ke naɗa na ƙasa ba. Kuma ba wata ƙungiyar ƙauye da ta rasa sunanta ko asusunta don ta shiga tarayya.

Sai kuma darasi ga masu ba da taimako, wato ƙungiyoyin sa kai da hukumomin agaji. A 1964 firayim minista Lal Bahadur Shastri ya zo Anand, ya kwana a wani ƙauye yana hira da manoma, ya nemi a yaɗa wannan tsari a ƙasa duka. Aka kafa hukumar bunƙasa madara ta ƙasa a 1965. A lokacin ƙasashen Turai suna da rarar garin madara da man shanu, suna son bayarwa kyauta. Da an raba wannan kaya a titi, da farashin madarar gida ya faɗi, da mai ɓauna ta rasa kasuwa, kyauta ta zama annoba. Sai aka karɓi kayan ta hannun Hukumar Abinci ta Duniya, aka sayar a manyan birane, aka zuba kuɗin wajen kafa ƙungiyoyin ƙauye da masana'antu da horar da ma'aikata. Shirin ya fara a 1970, ya ƙare a 1996, kuma kafin ƙarnin ya ƙare Indiya ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen yawan madara. A 1979 ma an buɗe makaranta a Anand don koyar da matasa tafiyar da ƙungiyoyin karkara.

Kada a ɗauka ko'ina abin ya yi kyau. A jihohin da gwamnati ta riƙa ɗora jami'anta ko 'yan siyasa a kan kujerun ƙungiyoyi, tsarin ya yi rauni, kuma Kurien ya sha faɗa da masu mulki a kan haka. Ƙungiyar da aka naɗa mata shugaba daga sama ta zama ofishin gwamnati, membobi sun zama baƙi a gidansu.

Mu dawo gida. Haɗa kai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da gayya, muna da adashi, kuma uwar adashi ta ƙwarai tana riƙe lissafin mutum talatin a ka ba ta ɓata ba. Sai dai gayya ta yini ɗaya ce, adashi kuma da an zagaya an kwashe ya ƙare, ba ya barin jari. Ƙungiyar gama kai ta doka ta shigo Nijeriya ne ta hannun C. F. Strickland, wanda ya yi irin wannan aiki a Indiya. Ya ba da rahotonsa a 1934, aka yi doka a 1935, aka sabunta ta a 1993. A Nijar an kafa hukumar rance da gama kai ta ƙasa, UNCC, a 1962. A Kaduna akwai kwalejin tarayya ta koyar da aikin gama kai. Doka da makaranta duk suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne membobin da suka san ƙungiya tasu ce, suke tambayar ina kuɗi.

Saboda haka, ya kai ɗan ƙungiya, fara da littafi. Kowace naira da ta shigo a ba da rasit, kowace da ta fita mutum biyu su sa hannu. Kuɗi ya kwana a banki da sunan ƙungiya, kada ya kwana a asusun shugaba ko na matarsa. A duk taron wata ma'aji ya tashi ya karanta shiga da fita da babbar murya, da Hausa, don wanda bai yi boko ba ya ji. In an fi sabawa da ajami a rubuta da ajami, lissafi bai san bambanci ba. Tambayar lissafi ba rashin kunya ba ce, kuma dattijon kirki shi ke fara cewa a bincike shi. Wannan kunyar tamu ta kashe ƙungiyoyi fiye da yadda sata ta kashe, don inda ba a tambaya a fili, a zaure ake gulma, gulma kuma ba ta da rasit. A sa wa'adin shugabanci a cikin dokar ƙungiya tun ana shiri, kuma kowane mai muƙami ya koya wa wani aikinsa, don kada magatakarda ya tafi ci-rani ƙungiya ta tsaya.

Ku kuma ƙungiyoyin sa kai masu zuwa da mota da allo da kuɗin zama, a yi haƙuri da wannan magana. Bita ta kwana uku a otal, a raba jaka da takardar shaida, ba ta gina kowa. Abin da ke gini shi ne ma'aikacinku ya zauna da ma'ajin ƙauye wata bayan wata, su cike littafi tare, har ranar da ma'aji zai cike shi kaɗai. Kafin ku kawo injin niƙa, ku tambaya wa zai saya masa mai, wa zai gyara shi, daga wane asusu. Kuma ku riƙa magana da junanku. Akan ga ƙauye ɗaya ƙungiyoyi uku sun zo, kowace ta kafa nata kwamiti da mutanen nan dai guda goma, alhali ƙauyen da ke bayan rafi ba wanda ya taɓa leƙawa don hanya ba ta da kyau. Da za ku zauna sau ɗaya a wata uku da jami'in gama kai na ƙaramar hukuma ku shimfiɗa taswira, da an rage wannan ɓarna.

Wani abu kuma da ya shafi masu son kwaikwayon Anand kai tsaye. A al'adar Fulani nono na mata ne, da kuɗinsa suke cefane da hidimar 'ya'ya. Wanda ya zo kafa ƙungiyar madara ya rubuta sunayen masu garke kawai, ya ɗauke kuɗin daga ƙwaryar mace ya sa a aljihun namiji, yana tsammanin ci gaba ya kawo. Sunan mai nono ya kamata a rubuta, a hannunta kuma littafin zai zauna. Ga kuma bambancin da ba a raina shi: manomin Kaira yana zaune wuri ɗaya, makiyayinmu kuwa yana tafiya da rani, sannan sanyaya madara na bukatar wuta da hanya. Dole wurin tarawa ya bi inda shanu suke.

Tarayya ma ba sai an jira ta yi girman ta Gujarat ba. Ƙungiyoyi biyar na masu shinkafa a fadama ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi taki a sari tun kafin damina, su yi hayar mota ɗaya maimakon biyar, su kama ɗakin ajiya ɗaya don kada su sayar da kaka. Suna iya ɗaukar yaro ɗaya da ya yi karatun lissafi, su biya shi tare, ya riƙa zagaya su: Litinin yana wannan ƙauye, Talata yana wancan. Kowace ƙungiya ta turo wakilai biyu, a rubuta a takarda nawa kowace za ta zuba, yaya za a raba riba, yaya za a yi in wata ta so fita. A kai takardar ofishin gama kai a sa mata hannu, kowace ƙungiya ta riƙe kwafinta.