Ƙiba: Laifin Gado Ne Ko Na Baki?

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Amma akwai wata cuta da ke shigowa gidajenmu sannu a hankali, mu kuwa har barka muke yi wa mai ita. Wannan cuta ita ce ƙibar da ta wuce kima. In magidanci ya ajiye tumbi sai a ce ya samu, in amarya ta yi ɓul-ɓul sai a ce gidan miji ya karɓe ta. Alhali kuwa likitoci sun tabbatar cewa irin wannan ƙiba ita ce ke share wa hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ita.

To, mene ne ke kawo ta? Jikin mutum kamar rumbu yake. Abin da aka ci shi ne hatsin da ake zubawa, aikin ƙarfi kuwa shi ne ɗiban da ake yi. In zubi ya fi ɗiba yawa, sai jiki ya mai da rarar ta zama kitse ya ajiye. Kakanninmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun suna tashi da malmalar tuwon dawa biyu ko uku, amma da wuya ka ga mai teɓa cikinsu, domin yini suke yi a gona da fartanya, kasuwa ma da ƙafa suke zuwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya ƙaru a wannan yanki, shinkafa ta zama abincin yau da kullum a gidaje da yawa. Wannan alheri ne. Sai dai wanda ya noma ta yana ƙone abin da ya ci, mai zaman shago ko ofis kuwa ya cika faranti kamar manomin, sa'an nan ya hau kabu-kabu zuwa inda bai fi tafiyar minti 10 ba.

Ba tuwo kaɗai ba ne. Ku dubi 'yan ƙananan abubuwan da ba mu lissafawa: shayi mai kauri da burodi da safe, ƙosai da fanke da awara da hantsi, fura da nono an zuba sukari, da dare kuma Indomie da ƙwai a teburin mai shayi. Giram ɗaya na mai yana ba jiki kalori 9, na hatsi ko sukari kuwa 4 ne kawai, don haka soye-soye ya fi saurin tara kitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce misalin ƙaramin cokali 12, amma robar lemo guda ta rabin lita tana iya ɗauke da wannan adadin duka. Saboda haka ne a 2022 Gwamnatin Tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi. Da yayyafi kogi kan cika.

Yanzu bari mu duba hujjojin da akan kawo. Na farko, wani ya ce, "Ai gado ne, duk gidanmu haka muke." Gaskiya ne gado yana da nasa rabo, amma sau da yawa abin da aka gada har da tukunyar gidan. Na biyu, wata ta ce, "Ni ko ruwa na sha sai in yi ƙiba." Ruwa ba shi da kalori ko ɗaya, sai dai a tambayi abin da aka haɗiye kafin ruwan. Na uku, "Ba ni da lokacin motsa jiki." Abin da ake nema ga babba minti 150 ne a mako, ga mu ɗalibai kuwa awa ɗaya a yini, kuma shara da ɗiban ruwa da ƙwallo duk suna ciki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. Wasu 'yanmata, don gudun gorin rama, sukan sayi ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe ba da izinin likita ba. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan kumburi suke sa wa, ba lafiya ba, kuma suna jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Iyayenmu mata, don Allah a sa ido.

Ba cewa nake yi a zauna da yunwa ba, musamman mu da muke cikin girma, ga shi kuma a jiharmu akwai yaran da tamowa ke damu. Abin nufi shi ne a ci daidai da aikin da ake yi. A rage mai da sukari, a yawaita wake da kwaɗon zogale da rama, a sha ruwa maimakon lemo, a riƙa taka ƙasa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.